Shafi na Huɗu na Malam Ina-Hujja

Shekara ashirin da bakwai ya yi a teburi ɗaya, kusa da tagar da ba ta rufuwa sosai, a sashen da ake tsara ƙananan na'urorin cikin kwamfuta. Abokan aiki suka laƙaba masa Malam Ina-Hujja, don ko cewa ka yi shayi ya huce, sai ya tambaye ka ina hujja.

Injiniyoyi kan zana na'ura da akwatuna da wayoyi, sannan wata manhaja ta bi zanen tana rage shi bisa ƙa'idoji: in ta ga siffa kaza, ta cire ta, ta sa wadda ta fi ta ƙanƙanta. Aikin Malam shi ne ya tabbatar ta hanyar lissafi cewa bayan kowane sauyi na'urar ba ta sauya hali ba. Da jan biro yake yawo, kuma duk takardar da ya ga an rubuta "a bayyane yake", ta gama yawo.

Ƙa'ida ɗaya ce tasa ta kansa, tun yana sabon ɗauka ya samo ta: akwatuna biyu iri ɗaya da waya ɗaya ke ciyarwa, a mayar da su ɗaya. Ƙa'idar Malam ake ce mata. Bai taɓa zama shugaba ba, ita ce kaɗai abin da zai bari.

Saura kwana uku ya yi ritaya, yana kwashe durowa, sai ga asalin takardun hujjar ƙa'idarsa. Mai hali ba ya fasa halinsa, ya zauna karantawa. A shafi na huɗu, da rubutun hannunsa: "A bayyane yake akwatunan biyu daga hali ɗaya suke farawa." Alhali akwai akwatunan da ke riƙe abin da ya wuce. In ɗayan ya tashi a kunne, ɗayan a kashe, haɗe su ɓarna ce. Ba wanda ya lura, don sai yanzu irin waɗannan zane-zanen suka fara zuwa. Kunya ta rufe shi.

A gida matarsa ta ga ya ture kwano.

"Maigida, lafiya?"

Ya faɗa mata.

"Wa ya sani?"

"Ni."

"To ai shi ke nan, mafi fitina a ofishinku ya sani," ta ce, ta mayar masa da kwanon gabansa.

Ranar bankwana, shugabar sashen, wadda shi ya koya mata aiki, ta miƙa masa allon katako da aka sassaƙa ƙa'idar a jiki. Aka tafa. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, sannan ya zaro shafi na huɗu daga aljihu ya miƙa mata, ya riga ya zagaye layin da ja.

Ta karanta sau biyu.

"Malam, yau kuma? Da ka bari sai gobe mana."

"Gobe ba ni da teburi a nan, 'yata."

Kafin mako ya zagayo aka cire ƙa'idar daga manhajar, aka sa wata mai sharaɗi, wadda lamba ce kawai sunanta. Allon na nan rataye a falonsa. In baƙo ya yaba, Malam kan ce ya matsa ya karanta abin da ke ƙasa, inda ya rubuta da jan biro: "Ba kullum ba."