Tukunyar Gas ɗin Goggo

Mai gas ɗin layinmu ya daɗe a sana'ar. Kafin ya cika kowace tukunya sai ya goge wuyanta ya duba shekararta, domin doka ta hana cika wadda ta tsufa.

Wata rana goggonsa ta kawo tata, duk tsatsa. Ya duba, ya ƙi.

"Ni da na goya ka, ɗan nan? Da me zan yi girki?"

"Goggo, ni dai kunyarki za ta sa in cika. Doka ce ba ta jin kunyar kowa. Jikokinki a gefen tukunyar nan suke wasa."

Ta tafi tana mita. Da yamma ya saɓo tukunyar gidansa a kafaɗa, ya kai mata, ya haɗa da kansa.