Ƙafar Maina da Labarin Wutar Lantarki

Bana shekara goma sha uku ke nan da muka binne ƙanina Maina, da ƙafafunsa biyu, kamar yadda ya nace.

Dillalin shanu ne a karar Potiskum. Wani bijimi ya harbe shi a ƙwauri, ƙashi ya karye har ya huda fata. Abokan sana'arsa suka yi masa abin da suka saba yi wa maraƙi: suka kira maɗori, ya jera karare, ya naɗe da tsumma, alhali raunin yana buɗe. Karaya ta haɗe, amma ƙwayar cuta ta riga ta shige ɓargo. Shekaru muka yi muna zarya asibiti. A yi allurai, a kankare ƙashi, gyambon ya rufe, bayan 'yan watanni ya sake tsatso mugunya. Da likita ya ce sai an yanke, Maina ya dube ni ya ce, "Yaya Malam, da biyu aka aiko ni, da biyu zan koma. Wa zai sayi sa a hannun mai ƙafa ɗaya?"

Kwanan baya 'yarsa Hajara, ma'aikaciyar jinya, ta zo mini da labari. Masana na gwada aika wutar lantarki 'yar kaɗan, a bugu-bugu, cikin ƙashi mai ciwo, domin ta raunana ƙwayoyin da suka gagari magani. Ta ce, "Baba, har yanzu gwaji ne." Ni da na tsufa ina koyar da kimiyya, na gaji da albishir mai isowa bayan an share makoki. Ihu ne bayan hari. Da Maina na raye, na san abin da zai ce: "Wutar da ba ta kwana a unguwarmu ta Bolewa ce za ta shiga ƙashina?" Ya gama dariyarsa, sannan ya sassauta murya ya tambaya ko za ta bar masa ƙafar.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Yau idan dabba ta ji wa mutum rauni a kara, dattawan dillalai kan ce, "A kai shi asibiti tukuna, kada a yi irin ta Maina." Bai bar gida na a zo a gani ba, bai bar garke ba. Ya tafi da ƙafarsa, ya bar wa wasu tasu. Allah Ya haskaka kabarinsa.