Lafiyar Baba Pindar

Pindar mutumin Biu ne, kuma a ban ruwan furannin Turawa a unguwarsu ta GRA a Maiduguri ya tsufa. A wurinsa lafiya ba ta buƙatar dogon bayani. Cewa yake, "In ka ci, ka yi barci, ka zagaya ba wahala, to lafiyarka lau. Sauran duk surutu ne." Ni maƙwabcinsa ne, na sha wannan karatu har na ƙoshi.

Babban abin alfaharinsa shi ne ɗansa Joseph, malamin makaranta, ya auro Florence, nas a asibiti. Pindar bai taɓa cin abinci a gabanta ba, bai taɓa haɗa ido da ita ba. Kunyar suruka ke nan, ya riƙe ta gam kamar addini.

Shekarar da jirgin ƙasa ya iso Maiduguri, fitsarinsa ya tsaya cak. Mara ta kumbura, tsayuwa ta gagara, zama ya gagara. Ya lallaɓa asibiti shi kaɗai, sai ya tarar ranar Florence ce ke karɓar marasa lafiya.

Ta durƙusa ta ce, "Baba, lafiya?"

Gumi na tsiyaya, ya kau da kai ya ce, "Lafiya lau, 'yata. Ɗan zazzaɓi ne."

"Ba inda ke maka ciwo?"

"Babu."

Ta ba shi maganin zazzaɓi, ta ce ya yi ta shan ruwa. Ya yi godiya, ya koma gida, ya kuwa sha. Sai da ya fara sambatu Joseph ya gane abin da ake ciki. Ko da aka mayar da shi, likita ya ce ƙodar ta riga ta lalace.

A bakin kabarinsa dattawa suka yi ta yabon kunyarsa. Ni kam raina ɓaci ya yi. Mutumin da ya fi kowa sanin ma'anar lafiya, ya ambace ta a ranar da ba shi da ita, don kada ya ce "fitsari" a gaban matar ɗansa!

Tun daga nan Florence ta daina tambayar kowa lafiya. Tsoho na zama sai ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Baba, ka yi fitsari yau?" Dattawan nan da suka yabi Pindar, su ne yanzu ke cewa ba ta da tarbiyya.