Ya Kawo

Shekarun baya, lokacin ina sana'ar ɗaura kwanon satalayit a Birnin Kudu, wani abokina mai fito da kwale-kwale a kogin Gwaram ya zo min da shawara. Wai so yake in ɗaura masa kwano a jirginsa, fasinja su riƙa kallon ƙwallo kafin jirgi ya cika. Ni da ko a kududdufi ban iya iyo ba, sai na bugi ƙirji na ce wannan ai ƙaramin aiki ne.

Muka shirya a fara gwadawa. Farkon damina ne, ruwan bai wuce ƙugu ba. Muka loda batirin mota da 'yar talabijin, ya tura mu tsakiya inda bishiyoyi ba za su tare ba, ya kafa gorar tuƙinsa a yashi ya riƙe jirgin. Na miƙe tsaye rungume da kwano, na fuskanci gabas.

A sana'armu, mai juya kwano ba ya ganin talabijin, na kusa da ita ne ke faɗa masa. Na ce, "Da ka ga hoto, ka ce ya kawo."

Ina juyawa a hankali sai na ji ya ƙwala ihu, "Ya kawo!"

Daɗi ya kama ni. Na ƙame, na ce, "Madalla! Kar ka motsa."

"Ya kawo, Malam!"

"Na ji mana. Tashar ƙwallon ce?"

"Kogi! Kogi ya kawo! Saki abin nan ka zauna!"

Na waiga. Jan ruwa ne ya taho baki da baki, da rassan itace da kumfa, alhali ko ɗigo bai sauka a kanmu ba. Ashe can saman kogin aka yi ruwan. Ban san lokacin da kwanon ya bar hannuna ba, sai ganina na yi kwance a cikin jirgin, na ƙanƙame katako ina salati. Ruwan ya ɗaga mu ya juya, yana fantsamowa cikin bakina. Wallahi na saddaƙar. Mahaifiyata kawai nake tunawa, don ban ma gaya mata inda za ni ba.

Abokina tuƙi kawai yake, har Allah ya sa muka maƙale a gefen wata gonar masara can ƙasa. Da rarrafe na fita.

Yanzu mukan yi dariyar abin, amma tawa ba ta kai ciki. Ba ruwan ne ya fi tsaya min a rai ba. Mutum na gaya min mutuwa ta taho, ni kuma ina tsaye ina ce masa madalla.