Yadda Na Bi Sawun Tallafin Karatun Ɗiyata Zuwa Tsafe da Bungudu

Muna sallame sallar asuba muka tashi, ranar Talatar makon jiya, mu uku: ni, da ƙanen matata mai motar, da wani abokin aikina da muke koyarwa a firamare ɗaya a nan Gusau, haifaffen Tsafe. Masu bibiyata sun san ba na hawa hanya haka kawai. Wannan karon ɗiyata ta fari ce ta fitar da ni.

Yarinyar ta ci jarrabawar shiga jami'a da maki mai kyau, karatun haɗa magunguna take so. Bara ta nemi gurbi a jami'ar gwamnati ba ta samu ba, ta shekara a gida tana taya uwarta ɗinki. Jami'a mai zaman kanta kuwa, albashin malamin firamare ko ƙofarta ba ya kai mutum. Ana nan sai ga wani a zaurena, da shadda mai maiƙo da kati rataye a wuya, wai kowa Kodineta yake ce masa. Ya ce akwai wata jami'a mai zaman kanta a wata jiha da take ɗauke wa 'ya'yan talakawa da masu ƙaramin albashi kuɗin makaranta, kuma shi ne wakilinta a Zamfara. Gurbi ɗaya ya rage. Sai dai a ba shi dubu ɗari da hamsin na tabbatar da gurbin kafin Alhamis.

Ya nuna mana takardar sunayen waɗanda suka amfana, da hotonsa da wani saurayi daga cikinsu a wayarsa, har ya tura mini hoton. Yana shan ruwa ɗiyata ta ɗauki hoton takardar. Uwarta ta sayar da raguna biyu da take kiwo, 'yan'uwa suka cika mana, kuɗi suka haɗu. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Abin da aka ce kyauta ne, me ya kawo kuɗi a bakinsa? Na duba sunayen na ga biyu suna kusa da mu, ɗaya a 'Yandoto, ɗaya a Bungudu. Na ce gani ya kori ji.

Sammakon namu bai amfane mu da komai ba. A bakin gari muka tarar da motoci sun yi layi, kowa na jiran gari ya waye sosai, don hanyar Tsafe yanzu ba a shigarta da duhu. Muka zauna wurin mai shayi. Madarar da ya zuba mini, ina jin nuna wa kofin gwangwani kawai ya yi. Da na yi magana ya ce, "Malam, tambayi kuɗin gwangwanin tukuna." Na sha abina haka nan.

Da rana ta fito aka saki hanya, motoci suka tafi a jere kamar masu rakiyar juna. Damina ta yi kyau bana. Dawa ta fi mutum tsawo dama da hagu, gero an fara yanka. A da irin wannan kore daɗin ido ne; yanzu kowa a motar kallon gonakin yake yi da wani tunani daban. Dutsen Kwatarkwashi na nan zaune yadda na san shi tun ina yaro, shi kaɗai ne bai canja ba a hanyar. Ramuka sun ƙaru, shingayen jami'an tsaro ma haka. A kowane shinge ƙanen matata sai ya yi gaisuwa mai tsawo kamar ya je gidan surukai.

A 'Yandoto muka tsaya gindin wata bishiya inda dattawa ke zaune. Na yi sallama na tambayi gidan Malam Isah, mahaifin Nura, sunan da ke kan takarda. Nan take fuskoki suka canja. Wannan ya ce bai san shi ba, wancan ya ce Isah ai suna da yawa. Ban ga laifinsu ba. Baƙi uku a mota suna neman mutum da sunansa da sunan ɗansa, a wannan zamani wa zai nuna musu ƙofa? Sai da abokina ya faɗi gidansu a Tsafe, ya ambaci kakansa, wani tsoho ya ƙare masa kallo ya ce, "Kai jikan wane na? To ku hwaɗi haka tun farko mana." Ashe Malam Isah ya kwashe iyalinsa ya koma cikin Tsafe, gona kawai yake zuwa.

Mun same shi a Tsafe a ƙofar gidan haya, yana shanya gyaɗa a kan buhuna. Dattijo ne siriri, hannuwansa duk kanta. Ya shimfiɗa mana tabarma, aka kawo hoce, wainar dawa irin ta ƙasarmu, da ƙuli da ruwan randa. Na daɗe ban ci hoce mai daɗin wannan ba, amma hankalina ba a kansa yake ba. Na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya ce gaskiya ne, Nura yana can, shekararsa ta biyu ke nan, kuma ba ya biyan kuɗin makaranta. Na ce nawa ya ba wakili? Ya ce, "Wane wakili? Ko sisi ba mu ba kowa ba. Shugaban makarantarsu na sakandare shi yac cika mai fom. Anka kira shi jarrabawa, anka yi mai tambayoyi, daga baya wasu mutum biyu sunka zo har 'Yandoto sunka ga gidanmu da gonarmu. Shi ke nan."

Na fito da waya na nuna masa hoton da Kodineta ya tura mini, ashe saurayin Nura ne. Ya kai wayar kusa da ido, ya daɗe yana kallo. "Wanga ai da Sallah ƙarama yaz zo. Yac ce shi ɗan jarida na, shina son hoto da yaron da yac ci tallafi. Har hura munka ba shi."

Abokina ya dube ni, na dube shi. Amma ku san halin wanda tsoro ya riga ya shiga: sai na fara zargin dattijon shi ma. Na ce a raina, wa ya sani ko tare suke, wannan ya ɓata wancan don a yarda da shi? Allah ya yafe mini, ina cin hocensa ina wannan tunani. Kamar ya ji ni, ya shiga ciki ya fito da wata leda, a cikinta takardar jami'ar, an ninke ta har ta fara yagewa. Ya ce in karanta da kaina tunda ni malami ne, shi sai dai a karanta masa.

A nan na ga abin da Kodineta bai faɗa ba. Kuɗin makaranta kawai aka ɗauke. Ɗakin kwana, abinci, littattafai, kuɗin mota, duk na uba ne. Kuma in makin yaro ya sauka ƙasa da wani mataki, tallafin ya tsaya. Malam Isah ya ce shekarar farko sai da ya sayar da bijimi guda daga cikin shanun nomansa, yanzu aron na maƙwabci yake haɗawa da nasa. "Ba kyauta ba ta, Malam," in ji shi. "Sun ɗauki babban kaya, sun bar muna ƙarami. Amma ƙaramin ma shina da nauyi."

Ya kira Nura ya miƙa mini wayar. Yaron ya ce yana tsakanin lacca biyu, ya yi magana da sauri. Fom kyauta ne, a shafin jami'ar yake, ba a rufe ba tukuna. Jami'ar ba ta da wakili a ko'ina. Ya ce, "Baba, don Allah kada ku ba kowa kuɗi." Na tambaye shi sunan shugaban sashensu da launin ƙofar makarantar, tambayoyin da ni kaina ban san amsarsu ba, don dai in ji ko zai yi in'ina. Dariya ya yi ya amsa.

Muka yi azahar a Tsafe muka juyo. A bakin tasha wata Bafillatana ta sayar mana da fura da nono, ta rantse ba ta ƙara ruwa ba tun kafin mu tambaya, abin da ya sa ƙanen matata ya ce lallai ta ƙara. Muka ratsa Gusau ba mu tsaya ba, muka kama hanyar Sakkwato. Ƙanen matata ya so mu haƙura da Bungudu, wai ai mun ji abin da muka zo ji, ga mai ya yi tsada. Na ce suna biyu na fito nema.

Hanyar Bungudu gajera ce, manyan motoci ne dai suka yi yawa. Masu rake da dafaffiyar gyaɗa sun cika gefen titi. Gidan da muke nema bai yi wuyar samu ba: Inna Kulu mai niƙa, kowa ya san ta. Sai dai da muka isa, rumfar niƙan ba inji, sai dandamalin siminti da baƙin mai a ƙasa.

Sunan ɗiyarta Saratu yana kan takardar Kodineta, a jerin waɗanda suke jami'a. Saratu ce ta fito ta amsa sallamarmu, da alli a yatsunta, dawowarta ke nan daga wata 'yar makarantar yara da take koyarwa.

Inna Kulu ta zauna daga cikin zaure, mu daga waje. Mijinta ya rasu shekarun baya. Ta ba mu labarin ba tare da ta ɗaga murya ba. Bara Kodineta ya zo mata da maganar gurbi ɗaya da ya rage. Ta sayar da injin niƙan da take ci da marayunta da shi. Ya kawo takardar shiga jami'a mai tambari. Aka yi wa Saratu sayayya, aka cika akwati da kaya, unguwa ta yi mata rakiya har tasha. Da ta isa, a ofishin rajista aka duba aka ce takardar jabu ce, sunanta bai taɓa shiga wurinsu ba. Wata ma'aikaciya ce ta tausaya mata ta ba ta kuɗin motar dawowa. Ma'aikaciyar ta ga makinta ta ce da ta cika fom ɗin gaskiya da an kira ta jarrabawa, amma lokacin an rufe.

Saratu tana tsaye jikin bango. Na nuna musu hoton takardar sunayen a wayata, ga sunanta na huɗu. Ta karanta, ta mayar mini da wayar kamar ta taɓa abu mai zafi.

Sai na ga ai ina da abin ba su. Na ce tallafin gaskiya ne, yanzu na fito daga gidan wanda ɗansa ke ciki, fom kyauta ne kuma ba a rufe ba. Ina magana ina jin daɗin kaina. Inna Kulu ta bari na gama, sannan ta ce, "To kai naka nawa na?"

Na ce, "Inna, ni ba na karɓar komi."

"Shi ma haka yaf fara. Ku tashi, Allah shi kiyaye hanya."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, alhali ban yi laifi ba. Na dubi kaina: baƙo da waya a hannu, da hoto, da zancen jami'a. Da ni ne ita, korar da zan yi ta fi haka. Na rubuta lambar ɗiyata a gefen wata takarda na ajiye a bakin zaure, na ce ba tawa ba ce, ta yarinya ce sa'ar Saratu. Ba wanda ya ɗauka har muka tashi.

Muna hanyar dawowa Kodineta ya kira. Ya ce yana tuna mini Alhamis, akwai wani Alhaji da ke neman gurbin da kuɗi a hannu, don mutuncina ya riƙe. Na ce na gode, yanzu na fito daga Bungudu, na gaida Inna Kulu. Sai layi ya yanke. Har yau wayar a kashe take. Washegari ni da mai unguwarmu muka kai hotonsa da takardar wurin hukuma.

Mun shigo Gusau kafin magariba. Na zaunar da ɗiyata da uwarta na faɗa musu komai, har da zancen ɗakin kwana da abinci da sharaɗin maki. Uwar ta yi ta salati. Ranar Laraba yarinyar ta je shagon kwamfuta ta cika fom da hannunta, ina tsaye a bayanta ina jiran inda za a ce a biya. Ba a ce ba. Yanzu jiran kiran jarrabawa muke yi. Ko ta samu ko ba ta samu ba, Allah ne masani, kuma in ta samu ban san yadda zan yi da ƙaramin kayan da Malam Isah ya faɗa ba. Har yanzu ban saki jiki da jami'ar ba. Sai na je na ga ƙofarta da idona.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, maƙaryaci ba ya ƙirƙiro sabuwar ƙarya, gaskiya yake samu ya kafa rumfa a ƙofarta. Kuma ɓarnarsa ba ta tsaya ga kuɗin da ya ci ba, yana barin mutum ya kasa gane alheri ko ya zo har zaurensa. Duk wanda aka kawo wa irin wannan zance, ya je ya ga iyayen da aka ambata, ya karanta takarda har ƙasa.

Ranar Asabar da hantsi wayar ɗiyata ta yi ƙara. Saratu ce. Ta ce Inna ta yarda ta shigo Gusau ta ga fom ɗin, amma da sharaɗi: kuɗin mota zuwa da dawowa kawai za ta riƙe, kuma duk inda aka ambaci ko sisi ta tashi ta taho gida. Ɗiyata ta je tasha ta taro ta. Suka cika fom ɗin, suka ci tuwo a gidana, ta koma kafin la'asar. Da za ta tafi na ce ta gaida Inna. Ta ce za ta ji, amma Inna ta ce a faɗa mini har yanzu ba ta yarda da ni ba.

Na ce ta kyauta.