Sunan Yayana a Bakin Bindiga

Yau shekara tara ke nan da rasuwar yayana Bube, mai walda a unguwar Goudel. Na so in rubuta alherinsa kawai, amma abin da aka yi wa sunansa ya hana ni.

Bube shi ke yanka wa masu lambu bututun ban ruwa. Duk wanda ya yanka sai ya buga masa zane biyu da kurfi, domin in ya yi yoyo a maido masa ya gyara kyauta. Guntayen da suka rage yakan zuba su a bayan rumfa, kowa ya ɗiba. A cikin masu ɗiba aka samu marasa tsoron Allah da suka riƙa ƙera ƙananan bindigogi masu arha, irin waɗanda kan fashe a hannun mai harbi. Zanen nan biyu ya fito a jikinsu, sai 'yan fashi suka laƙaba musu "ɗan Bube". Kwana huɗu ya yi a komisariya hannun 'yan sanda kafin a wanke shi. Na adana kwafin takardar sakinsa har yau.

Ni magatakardan kotu ne a unguwar Plateau. A gabana kalmar ta yi ta yaɗuwa: da farko bindigar bututu, daga baya kowace ƙaramar bindiga ta banza, yanzu har babur mai yawan mutuwa. Na ji wani lauya mai digiri ya faɗe ta yana murmushi. Ban taɓa rubuta ta a rajista ba. "Bindiga ƙirar hannu" nake sawa. Da a ce Bube yana raye ya ji yadda ake yi da sunansa, na san ba zai yi faɗa ba. Shi ya sa nake yi masa.

Watan jiya ɗiyarsa Hadiza ta haifi namiji. Ta ce mini, "Baba, ina son in sa masa sunan mahaifina, amma ina tsoron abin da za a riƙa kiransa a lekol cikin 'yan makaranta."

Na kai ta lambunan bakin kogi, na nuna mata bututun da ke ba da ruwa tun kafin aurenta, da zanensa biyu. Wani tsohon mai lambu ya ce, "Ɗiyata, wannan bai taɓa yoyo ba."

Ran suna liman ya tambayi sunan yaro. Hadiza ta aiko daga ɗaki cewa a faɗa da ƙarfi: Bubakar, kuma Bube za a kira shi.