Masu Gidan Rijiyar Inna

A tsakar gidanmu na Fagge akwai rijiya, a cikinta kuma akwai wasu 'yan halittu da kakata Inna take kira masu gida. Farare ne tas, ba su kai ƙwayar shinkafa ba, ba su da ido ko alamarsa. In aka juye guga a ƙwarya sai ka gan su suna iyo a karkace, suna neman inda haske bai kai ba. Ni dai ƙyama suke ba ni. Inna kuwa sai ta tace ruwan da farin ƙyalle, ta ɗauraye ƙyallen a guga, ta mai da su ƙasa.

"Ba a rijiyar suke zaune ba," ta ce da ni. "Gidansu can ne cikin yashi da tsagar dutse, inda ruwa yake tafiyarsa. Leƙowa kawai suke yi. Ran da suka daina, kada ki sha ruwan nan."

In masu yasar rijiya za su shiga, sai ta ɗebi ruwa da laka a tulu ta ajiye a inuwa, in sun gama ta mayar. Suna yi mata dariya, ita ko a jikinta. Da ruwan rijiyar nan aka yi wa mijinta wankan gawa, ta kuma sha gaya mana cewa ita ma da shi za a yi mata.

Sai arzikin fetur ya shigo gari. Famfo ya zo har ƙofar madafa, 'yan kasuwar Kwari kuma suka rasa inda za su jibge dilolin atamfa. Babana ya ce zai cike rijiyar ya gina sito a kanta. Ni budurwa ce a lokacin, igiyar guga ta gama da tafin hannuna, don haka har murna na yi. Inna ba ta yi masa musu ba, tuwonta dai ya fara komowa yadda aka kai shi.

Ana gobe za a kawo ƙasa, ta sa na yi ta jan ruwa tana tacewa, har masu gida suka taru a tulu. Ta rufe bakinsa da baƙin zane, ta ɗora mini a ka, ta ce Sabon Gari muka nufa. Na ce mu hau tasi mana, ta ce jijjiga za ta kashe su. Haka muka taka a ƙasa, sa'o'ina suna wucewa a bayan babur, ni ina dakon ƙwari ina ƙunƙuni.

Gidan ƙawarta muka je, wata Kirista mutuniyar Zariya mai sayar da manja, wadda take da rijiya a bayan ɗaki. Ta leƙa tulun ta kwashe da dariya.

"Inna, ƙwari kika kawo mini tsaraba?"

"Amana na kawo miki," in ji Inna.

Sai matar ta bar dariya. Ba ta kwara su daga sama ba, a guga ta zuba su, ta saki igiya a hankali har ya taɓa ruwa. Daga ranar, duk haɗuwarsu, kafin ta tambayi mutanen gida sai ta ce da Inna, "Baƙinki suna lafiya."

Bayan 'yan shekaru Inna ta rasu, wata safiya da damina. Famfo yana zuba, mata suna tara ruwan wanka a bokiti. Na tuna maganarta, na dubi siton da ke danne da rijiyar. Babana ma can yake kallo.

Muna cikin haka sai ga mai manja ta yi sallama, tsofai-tsofai da ita, tulu a ka, laka har idon sawu.

"Da ƙafa na zo," ta ce. "Na ji tsoron jijjiga."

Babana da kansa ya riƙe bakin farin ƙyallen aka tace. Ga su nan kuwa, suna motsi. Ya daɗe yana kallonsu, hawaye yana bin gemunsa. Aka shiga da ruwan ɗakin Inna, matar kuma ta ɗauraye ƙyallen a 'yar ƙwarya, ta rufe da gefen zaninta, ta zauna a inuwa tana jiran a fito da ƙawarta kafin ta mai da su gida.